Ra'ayi: Bai Kamata Wasan Gem Ya Mutu Tare Da Na'urarka Ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai cajin waya a garinmu Ƙofa bayan sallar la'asar ya san abin da zan faɗa. Za ka tarar da samari huɗu ko biyar sun jeru a kan benci, kowa ya juya wayarsa a kwance, manyan yatsu na ta aiki, ana buga ƙwallon PES. Idan ka leƙa sosai za ka ga ba kai tsaye suke buɗe wasan ba, sai sun fara shiga wata manhaja mai suna PPSSPP.

Da yawansu ba su san cewa wasan nan ba don waya aka yi shi ba. An yi shi ne don wata 'yar na'urar hannu ta kamfanin Sony mai suna PSP, wadda ta fito a 2004, kuma tuni aka daina ƙera ta. Wani mai rubuta manhaja ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, shi ya fitar da PPSSPP kyauta a 2012, domin wasannin PSP su riƙa tashi a kan kwamfuta da waya. Da bai yi wannan aiki ba, da wasannin sun bi na'urarsu zuwa kabari. Yau ga su suna tashi a kan Tecno da Infinix da itel, daga Bebeji har Doguwa, ana tura wa juna ta Xender ba tare da an ƙona data ba.

Na fara da wannan ne saboda duk lokacin da na kawo maganar kai wasanni da shagunan sayar da su zuwa wasu manyan manhajoji, abokaina sukan ce wannan rigimar Turawa ce, mu ina ruwanmu. Ni kuwa gani nake babu wanda maganar ta shafa kamar mu. Na'urorinmu yawanci na hannu ne ko masu araha, kuma su ake fara jefarwa duk ranar da wani kamfani ya yanke shawarar rufe ƙofa.

Me ya hana wasa ɗaya tashi a ko'ina?

Kowace na'ura tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. A wayoyinmu Android ce, a iPhone iOS ce, a yawancin kwamfutoci Windows ce, akwai kuma macOS da Linux. Wanda ya rubuta wasa ba ya magana da allon na'ura ko lasifikarta kai tsaye, sai ya bi ta hannun babbar manhajar. Matsalar ita ce kowacce da yarenta. Idan wasa yana son zana hoto a kan Windows, yawanci da DirectX yake magana. A na'urorin Apple da Metal ake magana, a kan Android da Linux kuma da Vulkan ko OpenGL.

Bayan wannan akwai bambancin ƙwaƙwalwar na'urar kanta. Yawancin kwamfutoci suna aiki da ta Intel ko AMD, wayoyi kuma da tsarin ARM. Ka tuna da cajar Nokia mai siririn baki da cajar Type-C ta yau. Wutar dai ɗaya ce, bakin ne bai shiga ba.

Saboda haka hanya biyu ce. Ko dai mai wasan ya sake zama ya gyara shi don kowace babbar manhaja, wanda aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, ko kuma a samar da tafinta a tsakani, kamar yadda PPSSPP ke yi.

Amma ba duk cikas ɗin ba ne na fasaha. Wani lokaci wasan zai iya tashi sarai, mai shagon ne ba ya so. Duk kamfanin da ke riƙe da babbar manhaja yana son ya riƙe shagon da ake sayar da kaya a kanta, domin a nan kuɗin yake. An daɗe ana yankar kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki a manyan shagunan nan, kafin matsin lamba ya sa wasu suka rage wa ƙananan masu manhaja zuwa kashi 15.

Mun riga mun ɗanɗana

Waɗanda suka girme ni kaɗan za su tuna zamanin Nokia mai Symbian da wasannin Java da ake saukewa daga Waptrick. Sai aka shiga yayin BlackBerry, har mutum ba ya cika ɗan gayu sai yana da lambar BBM. Wasu kuma suka sayi Lumia mai Windows Phone saboda kyan kyamara. Ina suke yau? Microsoft ta rufe babin wayoyinta na Windows a ƙarshen 2019. BlackBerry ta kashe hidimar tsofaffin wayoyinta a watan Janairun 2022. Duk manhajar da ta tsaya a kan waɗannan kaɗai ta tafi tare da su. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka shimfiɗa ƙafa a wurare da yawa.

Haka a 2019, lokacin da gwamnatin Amurka ta saka wa Huawei takunkumi, sababbin wayoyinsa suka fara fitowa babu Play Store. Waya lafiyayya, allo mai kyau, amma mai saye ya rasa ta inda zai sauke abin da ya saba. Rigimar da aka yi tsakanin Washinton da Beijin ta zo ta sami wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da 'yan kuɗinsa.

Yanzu kuma abin ya zo kan kwamfuta. Tun 1 ga Janairun 2024 shagon Steam, wanda shi ne mafi girman shagon wasannin kwamfuta a duniya, ya daina tallafa wa Windows 7 da Windows 8. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10. Ita kuma Windows 11 tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. To ka shiga Titin Beirut ka duba laftof ɗin da ɗalibi ko mai shagon buga takardu ke iya saye. Da yawa zubi na huɗu ne zuwa na shida. Suna aiki lafiya lau, amma a takarda an riga an yi musu ritaya.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, a shagunan nan ba wasan kake saye ba, izinin bugawa kake saye. Steam da kansa ya fara rubuta wa masu saye haka ƙarara a 2024. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Idan izinin naka yana aiki a babbar manhaja ɗaya tak, ranar da ta faɗi kai ma ka faɗi.

Darasin da ke cikin labarin Steam

Kamfanin Valve ya buɗe Steam a 2003, a kan Windows kaɗai. Sai a 2010 ya isa kwamfutocin Mac, a 2013 kuma ya isa Linux. Kada mai karatu ya ɗauka tausayin talaka ne ya kai su. A 2012 Microsoft ta fito da Windows 8 ɗauke da shagonta a ciki, sai masu Valve suka tsorata kada wata rana a wayi gari an ce duk mai son sayar da manhaja a kan Windows sai ya bi ta wannan shagon. Ɗan haya ne ya ga mai gida ya fara kafa irin sana'arsa a zaure, sai ya fara neman fili.

Yunƙurin farko bai yi nasara ba. Na'urorin Steam Machine da aka fitar a 2015 ba su samu kasuwa ba, saboda wasannin da ke tashi a kan Linux kaɗan ne. Masu wasanni suka ce ba za su wahala don mutane ƙalilan ba, mutane kuma suka ce ba za su koma inda babu wasanni ba.

Abin da ya warware ƙullin shi ne tafinta. A 2018 Valve ta fitar da Proton, wanda aka gina a kan wata tsohuwar manhaja ta kyauta mai suna Wine da masu sa kai suka faro tun 1993. Aikin Proton shi ne ya saurari wasan Windows yana magana da DirectX, ya juya maganar zuwa Vulkan nan take, har wasan ya ɗauka a gidansu yake. Da aka fitar da na'urar hannu ta Steam Deck a 2022, mai aiki da Linux, dubban wasannin Windows suka tashi a kanta ba tare da masu su sun sake rubuta su ba. Har yau masu Linux 'yan tsiraru ne a Steam, wajen kashi 3 cikin 100 a ƙarshen 2025, amma yanzu akwai ƙofa ta biyu, kuma a buɗe take.

Ni shaida ne. Laftof ɗin da na koyi rubuta manhaja da ita ta hannu ce, ram ɗinta 4GB, batirinta ba ya kai awa ɗaya. Da na ga Windows ta yi mata nauyi sai na ɗora mata Linux Mint daga filashi. Ban ce ta koma sabuwa ba, kuma ba za ta ɗauki manyan wasannin bana ba ko da me aka ɗora mata. Amma ƙananan wasanni da tsofaffi suna tashi, ina samun sabuntawar tsaro, kuma ban biya ko sisi ba. Shekara uku ke nan ina cin abinci da na'urar da aka ce ta gama yayi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tafintan ya fara matsowa kusa da waya. Akwai manhaja mai suna Winlator da ke haɗa Wine da wani tafintan na ƙwaƙwalwar ARM, ta tashi wasu wasannin Windows a kan Android. Sai waya mai ƙarfi, kuma tana zafi kamar dutsen guga, amma hanya ce da a da ake cewa ba za ta yiwu ba.

Rigimar shaguna a kan waya

A watan Agustan 2020 kamfanin Epic Games ya saka hanyar biyan kuɗi tasa a cikin wasan Fortnite don ya kauce wa kashi 30. A rana ɗaya Apple da Google suka cire wasan daga shagunansu, aka tafi kotu. A Disambar 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a Amurka suka samu Google da laifin danne kasuwar manhajojin Android. A Tarayyar Turai kuma wata sabuwar doka ta tilasta wa Apple barin wasu shaguna su shiga iPhone daga 2024. A watan Agustan wannan shekarar Epic ta buɗe shagonta a kan Android a duk duniya, a kan iPhone kuwa a Turai kawai. A shekarar ce kuma Apple ta sassauta, har PPSSPP ta samu shiga shagonta.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Inda aka buɗe ƙofa, doka ce ko kotu ta buɗe ta. Mai iPhone a Faransa yana da zaɓin da mai iPhone a Kano ba shi da shi, alhali wayar iri ɗaya ce.

Mu masu Android mun daɗe muna da 'yancin ɗora fayil ɗin APK daga ko'ina, kuma wayoyin Tecno da Infinix da itel suna zuwa da nasu shagon, Palm Store, kusa da na Google. Sai dai a watan Agustan 2025 Google ta sanar da cewa za ta fara neman duk mai rubuta manhajar Android ya tabbatar mata da ko shi wane ne, ko da ba ta Play Store zai raba manhajar ba. Ta ce za a fara da ƙasashe huɗu a 2026, sannan sauran duniya. Dalilin da ta bayar shi ne yaƙi da 'yan damfara. Dalili ne mai ƙarfi, amma ya kamata mu sa ido, domin mai gadin da aka ba shi ikon tambayar suna a bakin ƙofa, gobe yana iya hana shiga.

Inda masu sukar ra'ayina suke da gaskiya

Ba zan ɓoye ba, buɗaɗɗiyar ƙofa ɓarawo ma yana shiga. Na taɓa karɓar wayar wani ƙanena da ya sauke wasan da aka ce an buɗe masa kuɗi marasa iyaka. Talla ta cika wayar, data tana zuba kamar rariya, kuma manhajar ta nemi izinin karanta saƙonninsa, inda lambobin banki ke shigowa. Sai da muka goge komai. Wannan haɗari ne na gaske. Amma maganinsa a samu shaguna da yawa masu suna da mutunci, waɗanda za a iya kama su da laifi, domin rashin halastacciyar hanya mai sauƙi shi ke tura yara shafukan banza.

Na biyu, akwai wasannin da har yau ba sa tashi a kan Linux saboda manhajar hana maguɗi. Fortnite da Valorant suna ciki, haka ma sababbin wasannin ƙwallo na EA, kuma Apex Legends ya janye daga Linux a 2024. Idan wasanka ke nan, kada wani ya ruɗe ka ka goge Windows.

Na uku, kowace babbar manhaja da aka ƙara ƙarin aiki ce ga mai rubutawa. Na san wannan a jikina. Gyaran da ya yi aiki a wayata sai ya ƙi a ta maƙwabcina.

Ba kowace ƙofa ce tamu ba

A nan ne nake rabuwa da masu murna duk lokacin da aka ce shago kaza ya iso babbar manhaja kaza. Isowa daban, amfani daban. Kafin in taya murna, tambaya uku nake yi.

Shin yana tashi a na'urar da ke hannunmu? Fortnite yana neman ram 4GB ko fiye, alhali wayoyi da yawa a ƙauyukanmu 2GB ne ko 3GB. Wannan ne ya sa Free Fire da Dream League Soccer suka mamaye mu, don sun yarda su sauko inda muke.

Shin za a iya biya da naira? Steam ba ya saka farashi da naira. Sabon babban wasa yakan kai dala 60 zuwa 70, wato ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A 2022 bankuna da dama suka dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da ita. Shagon da ba ya karɓar tiransifa ko katin da ke aljihunka, hotonsa kawai kake gani. Shi ya sa nake ganin aikin kamfanoni irin su Carry1st, da ke sayar da kuɗin cikin wasa ta hanyoyin biya na gida, ya fi wasu manyan sanarwowi amfani gare mu.

Shin datarmu za ta iya ɗauka? Akwai wasannin kwamfuta da suka haura 100GB. A wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kamar yadda duk wanda ya bi hanyar Falgore ya sani, wasan da ba ya buɗewa sai da intanet ba namu ba ne. Ka tuna da Stadia, inda Google ta ce a bar na'ura a riƙa buga wasa ta intanet kai tsaye. An rufe shi a Janairun 2023. An mayar wa mutane kuɗinsu, amma wasannin sun tafi.

Abin da ya rage namu

Ga mai bugawa, shawarata ita ce kafin ka zuba kuɗi a wasa ka duba ko yana kan na'ura fiye da ɗaya, kuma ko ci gabanka zai bi ka idan ka canza waya. Ka haɗa shi da imel ɗin da kake riƙe da kalmar sirrinsa da kanka, ba wanda mai shagon waya ya buɗe maka ka manta ba. Idan kana da tsohuwar laftof, gwada Linux daga filashi kafin ka sayar da ita a banza, ba sai ka goge komai ba za ka ga yadda take. Duk wasan da ya nemi izinin karanta saƙonninka kuwa, goge shi.

Ga 'yan'uwana masu koyon rubuta manhaja, a nan damar take. Ni ban wuce sakandare ba, da bidiyon YouTube da datar dare na koya. Yanzu haka ina haɗa wasan dara, mai gida talatin da 'ya'ya goma sha biyu ga kowane ɓangare, irin wanda dattawa ke bugawa a gindin bishiya. Da Godot nake yin sa, injin haɗa wasa na kyauta da ba ya neman kaso a cinikinka. Rubutu ɗaya nake yi, in fitar da shi don Android da Windows da Linux, har da wanda za a buɗe a burauza. Shiga Play Store dala 25 ne sau ɗaya, kuma sabon mai asusu sai ya samu mutum 12 sun gwada manhajarsa na kwana 14. Apple dala 99 ne duk shekara, Steam kuma dala 100 ga kowane wasa. Ba zan iya biyan duka a yau ba. Amma tunda ban ɗaure wasan a wuri ɗaya ba, zan fara da inda ƙarfina ya kai, sauran su biyo baya. A Legas kamfanin Maliyo Games ya fi shekara goma yana haɗa wasannin waya masu labarin Afirka. Ban ga dalilin da zai hana a samu irinsa a Kano ba, da Hausa, mara nauyi, mai tashi ba tare da data ba.

Ga hukumominmu irin su NITDA da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, ya kamata su karanta abin da Turai ta yi. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana da bakin da za ta nemi farashi da naira da 'yancin zaɓen shago.

Abokaina sukan tsokane ni cewa ba mamaki ɗan Ƙofa ya damu da maganar ƙofa. Na yarda. Amma yaran da ke kan bencin mai caji suna buga wasan na'urar da aka daina ƙerawa tun wasunsu suna goye, saboda wani ya ƙi yarda a rufe ta. Ina fata nan da 'yan shekaru in wuce ta wurin in tarar dara suke bugawa, wadda ɗan garinsu ya rubuta, kuma ko wace irin waya ce a hannunsu ta tashi.

Allah ya sa mu dace.